Na ji warin maganin taya a jikin ɗana

Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma a garin nan duk wanda na faɗa wa, maganar za ta riga ni isa coci ranar Lahadi. Karatuna bai yi nisa ba, ban kuma saba rubutu ba, in kin ga ina ta kai da komowa ki yi haƙuri da ni. Sunayen ma na canja su, ko da yake duk mai zuwa kallon tsere a nan arewacin jihar Jojiya ta Amurka zai gane ni tun kafin ya kai rabi.

Mijina Harlan ya rasu a farkon shekarar nan. Zuciyarsa ce ta tsaya yana kan gireda, motar daidaita ƙasa, yana gyaran kwana ta uku a hanyar tsere. Ya bar mini filin tseren motoci, irin na jar laka, wanda muka saya tun ɗanmu yana rarrafe. Duk shekarun nan aikina bai wuce tagar tikiti da rumfar abinci ba. Na iya dafa gyaɗa tukunya-tukunya, kuma in na dubi sama ranar Asabar da safe na san yawan kajin da za a soya. Amma wane inji ne ya halatta, wace taya ce ba ta halatta ba, wannan na Harlan ne da amininsa Doyle, wanda yake duba motoci bayan an gama tsere. Yanzu an wayi gari wai ni ce mai fili, ni ce mai magana ta ƙarshe. Ni ban roƙi wannan kujera ba.

Asabar ɗin da ta wuce da la'asar muka yi tseren tunawa da Harlan. Jama'a ta zo har benci ya ƙare, wasu suka hau bayan a-kori-kurarsu suna kallo. Fasto ya yi addu'a a lasifika, duk direbobin suka cire huluna. Ɗanmu Coy, shi kaɗai Allah ya ba mu, ya yi wa motarsa fenti irin na tsohuwar motar ubansa. Coy ya daɗe yana tsere, amma bai taɓa cin wani babba a filinmu ba, kullum na huɗu, na biyar. Ranar nan kuwa daga tsakiyar jerin motoci ya tashi. Inda kowa ke zamewa a kwana, tasa motar kamar an liƙa ta da ƙasa. Ana dab da ƙarewa ya wuce Royce, wanda ya fi kowa cin tsere a bana. Ihun mutane har a ƙirjina na ji shi. Ya karɓi tutar nasara ya zagaya fili ta baibai, yadda ake yi wa mamaci. Na yi kuka har na kasa ganin matakala.

Na sauka na kai masa kofin nasara. Ya fito ta tagar mota ya rungume ni. A nan ne na ji shi, Anti Verna. A safar hannunsa, a hannun rigarsa. Wari ne kamar an zuba tina, ruwan tsinka fenti, a kan ruɓaɓɓen lemo. Ba kowa zai kula da shi ba a cikin hayaƙi da ƙaurin mai, amma ni hancina ya san shi tun ina amarya. Lokacin Harlan yana direba. Yakan shafa wa tayoyi wani magani mai wannan warin, ya naɗe su da leda, ya ɓoye a rumbu su kwana biyu, roba ta yi laushi ta riƙa kama laka. An haramta shi a ko'ina. Ni nake wanke masa riguna, sai na sa sabulu sau biyu kafin warin ya fita. Ranar da muka sayi filin ya kwashi kwalaben ya zubar, ya ce wanda zai riƙa hukunta mutane ba ya ɓoye kwalba a rumbu. Bai ƙara ba har ya koma ga Ubangijinsa.

Kin ga, ina rungume da ɗana, ina jin warin ubansa yana saurayi, kuma na san abin da warin yake nufi. Ban san wanne ne ya fi yi mini ciwo ba.

Ba a jima ba Doyle ya danna wa tayar Coy wani ɗan ƙarfe nasa na gwada tauri, ya ce ta yi laushi fiye da ƙima. Dokar kuwa Harlan ne da kansa ya kafa ta: a ƙwace nasara, a dakatar da direba har ƙarshen shekara. Sai dai ba ta aiki sai mai fili ya amince da bakinsa. Doyle ya ce shi ya gama nasa, saura nawa. Na ce su ba ni zuwa Asabar mai zuwa, a taron direbobi da ake yi kafin a fara tsere.

Coy ya rantse mini bai yi ba. Wai ƙarfen Doyle ya girme shi, ko burodi ka danna masa zai ce ƙarfe ne, ko ƙarfe zai ce burodi. Wai motarsa kaɗai aka duba, ba a taɓa ta Royce ba, alhali kowa ya san rabin direbobin nan suna jiƙa taya, garejin Royce ma ko ƙuda ya shiga sai warin maganin ya kayar da shi. Ya dube ni ya ce, Mama, a ranar Baba za ki kira ni ɓarawo a gaban mutane? Bai san na ji warin ba. Ba wanda ya sani, sai ke yanzu. Ya tsaya a tsakar ɗakina yana yi mini ƙarya da idon ubansa, ni kuma ina ta goge tebur da ba shi da datti.

Doyle ma ya zo. Ya zauna a kicin da hularsa a kan gwiwa, na zuba masa shayi mai ƙanƙara bai ko taɓa ba. Ya ce ba ya son ƙara mini nauyi, amma in nasarar nan ta zauna, shi ya bar aikin. Ya tuna mini shekarar da Harlan ya ƙwace kofi daga ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, suka daɗe ba sa magana. Na ce masa ƙane daban, ɗa daban. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zo da kansa bai yi waya ba.

A gidan mai kuma Royce ya ɗaga murya don in ji, wai daga yanzu kowa ya bar motarsa a gida ya zo da takardar haihuwa, ita ce ke cin tsere a filin nan. Aka yi dariya, da suka gan ni suka haɗiye. Na ji wasu sun fara maganar komawa filin da ke ƙaramar hukumar maƙwabta. In motoci suka tafi, 'yan kallo ma sun tafi, sai ciyawa.

Abin da ke cin raina shi ne wannan. Tun da ubansa ya rasu Coy bai zubar da hawaye ba, ko a maƙabarta. Shi ya ɗauki akwati, shi ya sallami baƙi, fuska kamar dutse. Sai ranar nan, da ya cire hular kwano, na ga fuskarsa jiƙe. Matarsa ta ce ya ɗora kofin a kan tsohuwar kujerar ubansa da ke gareji, yakan je ya zauna a gabanta. Ya zan je in ɗauke masa wannan? Na riga na rasa ɗaya a bana. In ya juya mini baya, wa ya rage mini?

Ga kuma wani mutum mai tsabtataccen takalmi da ke ta zuwa tun makon jana'iza, yana son ƙasar ya gina manyan ɗakunan ajiyar kaya. Da can korarsa nake yi. Jiya na tsinci kaina ina neman lambarsa. In na sayar, babu taron Asabar, babu wanda zai ce in zaɓa. Na san Harlan ba zai so ba, amma Harlan ya kwanta ya huta, ni ya bari da rigimar.

Na gaji, Anti Verna. Barci ba ya isata, abinci ba ya mini daɗi, ko ƙarar inji na ji daga titi sai gabana ya faɗi. In bar wa ɗana kofinsa in ce ƙarfen ne ya yi kuskure? In ƙwace? Ko in sayar kowa ya huta? Ki faɗa mini gaskiya, ba sai kin lallashe ni ba.

Uwar direba, mai fili ba da son ranta ba

*

'Yar'uwata,

Allah ya jiƙan mijinki, ya ba ki haƙuri. Kin ce kada in lallashe ki, to ga shi.

Fara ajiye lambar mai takalmin nan. Fili naki ne, in kin ga dama wata rana ki sayar, ba wanda zai zarge ki. Amma ba a wannan makon ba, kuma ba don gudun taro ɗaya ba. In kika sayar yanzu, ɗanki zai rayu da sanin cewa tayarsa ce ta rufe filin ubansa. Wannan ya fi ƙwace kofi nauyi nesa ba kusa ba.

Sai batun hukunci. Da a ce ƙarfen Doyle kaɗai ne shaida, da na ce a yanki roba a aika a gwada. Amma ke kin sani. Ba za ki iya tsayawa gaban direbobi ki ce kuskure ne ba, don kowace Asabar bayan nan za ki riƙa kallonsu kina tunawa, su ma suna kallonki. Dokar ta hau kansa kamar yadda za ta hau kan kowa. Kada ki rage, kada kuma ki ƙara don ki nuna ba ki da son kai.

Sai dai ɗanki yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma ki ba shi ita. In motarsa kaɗai aka duba, an yi rabin aiki. Ki gaya wa Doyle cewa daga yanzu duk motocin da suka zo kan gaba za a danna wa tayoyinsu ƙarfe, har da ta Royce mai barkwancin gidan mai, kuma a gaban kowa. Mutumin kirki ne, ba zai ƙi ba. Ki kuma naɗa mutum biyu ko uku da direbobi suka yarda da su, su riƙa yanke irin wannan hukunci duk ranar da ɗanki yake cikin tsere. Ba daidai ba ne a sa uwa ta zama alƙalin ɗanta kowane mako.

Abu mafi muhimmanci kuwa kafin Asabar za ki yi shi. Ki je garejin nan ke kaɗai, da rana, ki rufe ƙofa. Kada ki tambaye shi ko ya yi, don kada ki sa shi ya ƙara miki wata ƙaryar. Ki ce masa kin ji warin, ki gaya masa inda kika san shi. Ki ba shi labarin ubansa duka, har da rumbun, har da ranar da ya zubar da kwalaben. Ina zaton yaron nan ya ɗauki mahaifinsa mutumin da bai taɓa karkacewa ba, shi kuma ya kasa kamo shi, sai ya ga ba zai iya jure zuwa na biyar a ranar tunawa da shi ba. Wannan ba ya wanke shi. Amma ba halin ɓarawo ba ne, halin mai makoki ne da bai san inda zai kai baƙin cikinsa ba.

Daga nan ki ba shi zaɓi. Ko ya kawo kofin da hannunsa ranar Asabar ya miƙa wa Royce kafin ki buɗe baki, ko ke ki sanar. In ya kawo da kansa, direbobin nan za su yi masa tsiya na ɗan lokaci, sannan su girmama shi fiye da da, don yawancinsu sun san abin da ke ɓoye a nasu garejin.

Ba zan ce miki ba zai yi fushi ba. Yana iya yi, yana iya ɗauke ƙafa daga gidanki na wani lokaci. Ki jure, ki bar ƙofa a buɗe, ki riƙa magana da matarsa. Amma ki lura da abu ɗaya: yanzun ma akwai ƙarya tsakaninku, shi yana yi, ke kina rufewa, kuma ita ce za ta fi saurin raba ku. Ba zai iya kuka a gabanki ba muddin yana tsoron ki gane shi.

Ranar Asabar, bayan kin gama magana a taron, kada ki wuce tagar tikiti ki ɓuya. Ki taka a hankali, kowa yana gani, ki je inda ɗanki yake tsaye ki tsaya kusa da shi. Ba sai kin ce komai ba. In kuma bai zo ba, ki ɗauki mota ki bi shi gida, tseren zai iya farawa ba ke.

Ki samu ki ci abinci, ki kuma nemi wata aminiya ta raka ki ranar. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninki da ɗanki.

Taki,
Anti Verna