Wasiƙar da Ta Dawo Ba Alamar Fensir

Ya ke sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ke sauka bayan dogon fari! Ya ke Mai Fensir, abokiyar zamana ta shekara ashirin da shida!

Na san tun daga nan hannunki ya fara laluben fensir a gefen ɗankwali. Ki yi mini afuwar wannan layi ɗaya, domin halin da mutum ya tsufa da shi ba ya barinsa rana guda. Ina gaishe ki gaisuwar mai kewa. Ina gaida babbar 'yarmu da maigidanta, da tagwayen da suka ƙwace mini ke wata bakwai cur.

Kin tuna shagon buga takardu na ƙarƙashin bene, wanda ke jingine da na mai gyaran agogo? Kin tuna fankar nan mai kuka kamar ana matsa mata, da tafiretar da harafinta ɗaya ke tsalle ya bar 'yan'uwansa a layi? Ranar da na fara shigowa, ina sabon malamin makaranta, na rungumo waƙoƙina shafi goma sha biyu, ina tafe ina jin babu kamata a duniya. Bayan kwana biyu kika miƙo mini su a buge, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Amma a kan nawa rubutun na hannu sai na tarar da fensir ya yi kiwo.

Kika ce, "Malam, na buga maka yadda ka rubuta. Amma wannan ƙauna marar iyaka mai ratsa sararin zuciya, wace kala ce? Zama ake yi a kanta, ko sha ake yi?"

Mai gyaran agogo ya yi dariya har gilashin idonsa ya faɗa cikin akwatin kayan aiki. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige! A ranar na koyi dokarki: inda kika ga abu da idonki sai ki yi masa zagaye, inda ba ki ga komai ba sai ki ja layi ki rubuta hayaƙi. Cikin shafi goma sha biyu zagaye ɗaya tak na samu, a inda na ce mahaifiyata takan hura mini shayi kafin ta miƙo. Kika ɗora yatsa a wurin kika ce, "Ka ga nan? Nan na ga tsohuwar, har na ji ina sonta."

Wasiƙa tara na rubuta miki bayan haka, na kwaso wata da taurari da teku na zuba a gabanki, duk suka dawo da hayaƙi a gefe, har sunan ya bi ni. A ta goma na gaji, na rubuta cewa ina so in aure ki, ina da ɗaki biyu da keke ɗaya da tari idan sanyi ya shigo. Wayyo, wannan zagaye! Tun daga saman takardar kika faro shi har ƙasa. Tana nan cikin akwatina, fensirin ya dushe, ni dai ina ganinsa.

To, ta yaya mutumin da aka koya wa wannan darasi da ƙuruciya zai manta da shi da furfura a gemu?

Da kika aiko mini da 'yar takardarki mai layi biyu, kika ce, "Yaran sun ce in zauna wurinsu gaba ɗaya, sun gyara mini ɗaki. Me ka ce?", sai na ɗauko takarda da alƙalami. Na ji kunyar in ce ba zan iya zama ba ke ba. Sai na ruga na ɓuya a inda na saba ɓuya. Na cika shafi huɗu, na ce ƙauna ta gaskiya ba ta san nisa ba, na ce rayuka biyu da suka haɗu ko duwatsu ba sa raba su, na ce kina tare da ni duk inda kike. Wallahi ina rubutawa ina hawaye, ina tsammanin ko makaho ya shafa takardar zai ji ihun da ke ciki.

Ranar Litinin wasiƙar ta dawo mini. Na juya ta gaba da baya, na ɗaga ta saitin taga. Babu zagaye, babu layi, ko hayaƙin ma ban samu ba. Da ma kin zage ni! Da yamma 'yarmu ta kira ta ce, "Haba Baba, kai ma dai! Mama ta karanta sau uku, ta ninke, ta ce, Babanku ya ce nisa ba ya damunsa. Ranar Asabar mota za ta zo ta kwaso kayanta, har da tafiretar."

Nisa ba ya damuna? Ni? Amma da na sake karantawa da idonki, sai na ga abin da na rubuta ke nan. Idan na rubuta ƙauna, ni ina ganinki a cikin kalmar, da tafiyarki da tsakinki da ƙamshin mayafinki, saboda ni na cika ta. Ke kuwa buhu ne ya iso miki a ɗaure, kika kwance kika tarar babu komai, sai kika zuba abin da kike tsoro.

Saboda haka ga abin da ke cikin buhun. Kullum da safe kofi biyu nake haɗawa, in shanye nawa, in zauna ina kallon naki har ya huce, sannan in shanye shi da sanyinsa. Silifas ɗinki suna bakin ƙofa yadda kika tuɓe su, na hagun ya ɗan karkace, idan ina shara kewaye su nake yi. Furen da ke cikin gwangwani a kan taga ya mutu, ba don ƙishi ba, ruwa na yi ta ɗura masa duk lokacin da na tuna ki. Ranar Laraba na karanta wa kujerarki jarida da ƙarfi, har na dakata ina jiran ki ce ƙarya suke yi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce, "Malam, baƙi ka yi ne?" Na ce mata rediyo ne. Wannan takardar ma a kan tafiretarki na buga ta, da yatsu biyu, kwana uku ina fama, ga harafin nan yana ta tsallensa kamar shi ma yana leƙen hanya.

Ya ke hasken ɗakina, ga amsar tambayarki, ba wata, ba tauraro: ban yarda ba. Nisa yana damuna. Tagwaye sun yi wayo, suna da uwa da uba, kuma duk hutu zan kai ki ki gan su, ni zan riƙe jaka. Idan motar nan za ta zo ranar Asabar, to ta zo da ke a ciki. Tun ƙarfe takwas zan fito da benci ƙofar gida in zauna, da hular nan ruwan ƙasa da kike cewa ta sa na yi kama da kwalba. Idan kaya aka zo ɗauka ba zan hana ba, naki ne, amma da hannuna ba zan ɗaga ko cokali ba.

Na sa fensir a cikin ambulan, ni na fere shi. Ki ja layi duk inda kika ga dama, na san na cancanta tun daga layin farko. Kalma biyu kawai nake roƙon ki duba da kyau, ko za su sami zagaye:

Ki dawo.

Naki jiya da yau, naki har ranar da hannun nan zai kasa riƙe alƙalami, wanda bai taɓa haɗa wa wata kofi na biyu ba kuma ba zai taɓa ba,

Malam Hayaƙi