Baƙaƙen Aladunki Sun Ƙare, Mama

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, daga 'yarki a nan Dubai.

Mama, baƙaƙen aladunki sun ƙare. Yaya Bulus ya yanka Kande, ta ƙarshe a cikinsu, ya turo min bidiyo yana dariya. Ina cikin jirgin ƙasa na metro zan koma unguwarmu Al Nahda na buɗe shi. Sai da na sauka a tasha ta gaba.

Ƙanana ne, masu dogon hanci, dusa da ɓawon doya sun ishe su. Zafin bazara bai taɓa kwantar da su ba. Kikan ce, "Daga hannun uwata na karɓe su, sun san ƙasar nan." Har ƙauye na uku kike takawa aron namiji, don kada jini ɗaya ya yi ta komawa kansa.

Yaya Bulus ya ce na gida ci-baya ne. Ya kawo farare na Turai, duk uba ɗaya, yana ta haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa. Na ga hotunan. Fata duk gyambo, ƙuda na bi, 'ya'yan suna fitowa da shanyayyun ƙafafu. Yana tsaye cikin wannan ƙazanta yana kiran kansa manomin zamani.

A inda nake aiki jinin raƙuma muke aunawa. Balarabe da kansa zai zo ya tsaya a kanmu, don kada asalin taguwarsa ya ɓata. Ganin haka na shirya da wani likitan dabbobi a Kafanchan ya ɗebi jinin Kande a adana, kada irinsu ya ɓace. Mako biyu kawai na roƙi Yaya ya jira. Bai jira ba, wai ya yi baƙi.

Amma ba shi kaɗai nake ƙyama ba. Shekara huɗu 'yan gidan da muke haya, Kanawa, sun san awaki kike kiwo. Ni na gaya musu haka. Kin wanke garke da hannunki har na gama jami'a, ni kuwa na ji kunyar warinsa daga nesa.

Jiya na faɗa wa Hafsat, wadda muke ɗaki ɗaya, gaskiya. Sai ta zuba min shayi, ta tambaye ni sunanki.

Ki yafe min, Mamana. Ubangiji ya ba ki hutawa a wurinsa, ya sassauta min zuciya a kan Yaya, don har yanzu na kasa ɗaukar wayarsa. Amin.

Taki har kullum,
Rifkatu