Ganyen Darbejiya a Kwanar Ƙarfi

Funtua, ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mairo da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi. Yaya kuke fama da zafin bazara a Dandume?

Na ga kiranka sau huɗu jiya ban ɗaga ba. Kada ka ɗauka raini ne. Bakina ne ya yi nauyi, shi ya sa na nemi takarda.

Abin da ka ji gaskiya ne: na shiga tseren mota, kuma ni na zo na ɗaya. Ka san Oga Ayinde, mai garejin da nake kai a-kori-kurata gyara. Suna da ƙungiya ta masu son mota, su wajen ashirin. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sukan share hanyar da ta zagaye gonakin bayan Ƙarfi, su yi gudu kwana biyu. Bana ciwon gwiwa ya hana shi, ya ce in hau tasa, wata tsohuwar ƙaramar mota da ya cire wa kujerun baya. Ya ce ya zaɓe ni ne don ba ni da gaggawa.

Ranar Asabar gwaji aka yi. Suka ɗaura mini hular kwano, suka koya mini tutoci: ruwan ɗorawa a rage gudu, ja a tsaya. 'Yan Kaduna da suka zo tseren suna ta dariya wai direban buhu ya zo. Na bi su a baya ina kallon inda kowa yake taka birki, na haddace ramuka. Wadda kawai na ga ta san hanya ita ce Chinenye, 'yar mai kemis ɗin bakin tasha, wadda aka haifa nan Funtua.

Ranar Lahadi aka yi zagaye biyar. A na ƙarshe an samu ɗan hatsari. Wani manomi, Malam Mudi, ya shigo hanyar da amalanken taki, tayarsa ta fita a bayan kwana. Na goge sa ɗaya daga cikin shanunsa biyu. Ƙafarsa ta karye, aka yanka shi. Kowa ya ce ba laifina ba ne, tunda an yi shela kada a tsallaka daga azahar zuwa la'asar. Mai unguwa ma haka ya ce.

Sun ba ni kofi. Yana ƙarƙashin gado.

A gaida Inna, a ce mata ko ƙwarzane ban yi ba.

Ƙanenka,
Zainulabidin

Funtua, ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya, kuma Inna tana samun barci.

Saƙonka na barka ya iso, har da cewa ka faɗa wa mutanen majalisa kai ka koya mini tuƙi. Yaya, wannan ya fi zagi zafi. Wasiƙar da na aiko maka babu ƙarya a ciki, amma na bar wani abu a waje.

Akwai ganye a hanyar.

Ka tuna ranar da ka fara ba ni sitiyari a hanyar Dandume? Kafin giya, kafin komai, abin da ka fara nuna mini ke nan: in ka ga ɗanyen ganye a kan hanya, wani ne ya lalace a gaba, ɗaga ƙafa, kada ka tsaya tambaya. Malam Mudi ya yi abin da ya kamata. Ya saro rassan darbejiya ya jera wuri uku kafin kwanar, da tazara, yadda ake yi. A zagaye na huɗu babu su. A na biyar ga su nan, kore shar, har farin wurin sara na gani.

'Yan Kaduna za su iya cewa su tuta suka sani, kuma babu mai tuta a wannan kwanar. Ni fa? Shekara shida ina jigilar hatsi, ni ma na sha jera ganyen nan da hannuna. Na gane sarai. Na duba madubi, na ga hancin motar Chinenye a gindina, na ce a raina in na ɗaga ƙafa ta wuce. Sai na ce wataƙila iska ce ta zubo shi. Iska ba ta jera ganye uku-uku, Yaya. Na ƙara taka totur.

Da na sha kwanar, tsohon yana tsaye yana kwance wa shanun karkiya. Da ban karkata ba, da shi na ɗauka. Kuma ban tsaya ba sai da na ƙetare layin ƙarshe.

Chinenye ta rage gudu tun a ganyen farko, ta tsaya, ita ta fita ta riƙe tsohon. Ta ƙare a ta bakwai. Da ake miƙa mini kofi ta matso kusa, tana murmushi kamar barka za ta yi, ta ce, "Zainu, fitilar birkinka ta mutu ne? Ka ce Oga Ayinde ya duba maka, ni dai ban ga ta kama ba." Ba ta faɗa wa kowa ba. Ni kam da ta faɗa ɗin, da na huta.

Jiya na kai kaya Malumfashi, na ratse ta Ƙarfi. Daga nesa na hango gonarsa. Takin yana nan a zube bakin hanya inda amalanken ya tsaya, sa ɗaya yana ɗaure a inuwa. 'Yan ƙungiya sun yi masa alheri, amma ka fi ni sani, sa wanda ya iya huɗa ba a samunsa a bakin damina, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya sauka a haka, shekararsa ta tafi.

Ga roƙona, kuma na san nauyinsa. Ka ara masa ɗaya daga cikin shanunmu na huɗa zuwa kaka. Na san kai za ka koma neman haɗin gwiwa da maƙwabta. In ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Kada ka karanta wa Inna wannan.

Ƙanenka,
Zainulabidin

Ƙarfi, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Sanda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Mairo. Allah ya saka maka da alheri, ya ba Inna lafiya.

San ya iso lafiya, ya ci ya sha. Ba ka rubuto komai ba sai abin da ka faɗa wa direban da ya kawo shi: wai kada a sauke shi sai na faɗi gaskiya da bakina. Na yi.

A ƙofar gidan mai unguwa na faɗa, bayan la'asar, mutane suna zaune. Oga Ayinde ya rako ni, yana dogara sanda. Na ce na ga ganyen, na san ma'anarsa, na ƙi tsayawa. Oga Ayinde ya cire hula ya mayar, ya ce, "Kai, Zainu, kai fa na zaɓa." Na mayar masa da kofin, ya ce shi ma ba ya so.

Malam Mudi yana can gefe yana murza igiya a cinya. Bai ɗago ba. Ya ce, "Ai na sani, ɗan nan. Ganyen farko ka kauce masa. Wanda bai gani ba bisa yake bi." Mai unguwa ya tambaye shi me ya hana shi faɗa tun ranar. Ya ce mutum ashirin masu mota sun riga sun ce shi ne mai laifi, shi da wa zai yi?

Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige.

Ya duba san namu, ya buɗe bakinsa, ya shafa wuyansa inda karkiya ta ci, ya ce wanda ya hore shi ya san aiki. Sai dai shanun ba su san juna ba. Namu yana ja dama, nasa yana tirjewa, sai an samu mai riƙe igiya a gaba har su saba. Ya dube ni. Na ajiye a-kori-kurar wurin wani abokina na mako biyu.

An yi ruwa shekaranjiya, mai kyau. Yau muka fara huɗa. Kunya bakwai na farko duk a karkace suke, yana bayana yana faɗa, "Sannu-sannu, direba, ba kofi a ƙarshen gonar nan!" Matan da ke shuka a gonar kusa suna ta dariya. Zuwa azahar shanun suka fara daidaita ƙafa, muka ci kusan rabin gonar. Tafin hannuna duk ya yi bororo.

Da muka kwance na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana ba shanun ruwa. Bai ce ya yafe ba. Ya dai miƙo mini ƙwaryar fura, ya ce gobe in zo da wuri, kafin ƙasa ta sha iska.

Zan je.

Ƙanenka,
Zainulabidin