Ka Yi Magana Kafin Alhamis, Yaya Sidi

Zuwa ga yayana Sidi, a can arewa wajen haƙar zinariya, ko ma ina ka ƙara gaba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, aiki kuma yana tafiya. Inna tana lafiya, ƙafar ce dai kamar yadda ka bar ta. Mutanen unguwa suna gaishe ka, waɗanda ba su gaji da tambayar labarinka ba.

Na gama gaisuwa, don haka aka koya mini. Yanzu ka gyara zama.

A shafinka na rubuto maka, gaban abokanka, saboda na lura nan kaɗai kake leƙawa. Saƙonnin da nake aika maka ta waya kana buɗe su, ina gani, sai ka yi tsit. Amma hotonka da rawani da baƙin tabarau bisa bayan mota, wannan kam rashin rezon waya bai taɓa hana shi fitowa ba. To masu rubuta maka "Allah ya ƙara arziki, patron" su ma su karanta, ban damu ba.

Ga maganar. Mako mai zuwa za mu koma iniversite. Na shiga shekara ta uku a ilimin ƙasa da duwatsu, in ka manta abin da nake karantawa. A wannan shekarar ake raba hanya: ko mutum ya ɗauki darussan ma'adinai, ko ya ɗauki darussan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kowa zai je biro, wato ofishin sashenmu, ya rubuta sunansa a reshen da yake so, ranar Alhamis a rufe. Reshen ruwa ba ya ɗaukar mutane da yawa, don fita ake yi da su daji auna rijiyoyi, har a kwana can. In ya cika ya cika, wanda ya makara ma'adinai za a tura shi, yana so ko ba ya so.

Kada ka zaci zaɓin ya zo mini da sauƙi. Duk hutun nan da shi na kwana da shi na tashi. A darasin duwatsu na fi ƙoƙari, in aka ɗora mini dutse a tafin hannu zan faɗa maka sunansa kafin mushe, malaminmu, ya gama tambaya. Reshen ruwa kuwa lissafi ne zalla, lissafin da bara da ƙyar na tsallake shi. Ƙawayena duk sun rubuta ma'adinai. Kawu Mamman ya zo har gida ya zauna kan tabarma ya ce, "Wa ya taɓa yin arziki da rijiya? Je ki inda kamfani ke ɗaukar mutane." Kuma ba ƙarya ya yi ba, shi ne abin haushin. Da safe in ce ma'adinai, kafin la'asar in dawo ruwa, har kaina ya riƙa sarawa.

Amma ruwa nake so, kuma ka san dalili.

Ka tuna garkar Baba a Dabaga, shekarar da rijiya ta janye? Kai aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka zura ka ciki don ka ƙara haƙa. Ina tsugune a baki ina kallon guga yana fitowa da busasshen rairayi, ganyen albasa duk ya kwanta. Daga baya Baba ya sayar da raƙumin da ke ja mana ruwa, muka tattaro muka dawo gari. Har ya rasu maganarsa ɗaya ce: "Ruwan na nan, mu ne ba mu san inda ya koma ba." Ranar da ka fito daga rijiyar nan, ƙasa har cikin gashin idonka, kai da bakinka ka ce, "Ramatu, ke ce mai kan karatun lakwal, ki karanto mana inda ya tafi." Wasa kake yi, na sani. Ni ban ɗauke shi wasa ba.

To na yanke shawara, na je na gaya wa Inna. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Ba ki kwana daji sai wancan ya ce to."

Wancan, ai ka san ko wane ne. Kai ne ɗanta na fari, tun da aka haife ka kunya ba ta bar bakinta ya faɗi sunanka ba. Ko ɗan maƙwabta da ake kira Sidi, "mai sunan mutane" take ce masa. Lokacin da kake kira, in na miƙa mata waya sai ta tashi ta shige madafa, amma daka yakan tsaya har sai mun gama magana. Ranar da ka tafi ba ta raka ka ko zaure ba. Ta ƙulle dabino da cuku ta ce in sa maka a jaka, ta juya wa ƙofa baya ta ce wa bango a sauka lafiya.

Na ce mata a biro ba a tambayar izinin wa. Na ce mata mutumin da bai san ko mun ci ko ba mu ci ba, ba shi zai zaɓa mini darasi ba. Yaya Sidi, na ɗaga wa Inna murya saboda kai. Ni da ban taɓa ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ni dai in ji da kunnena." Ba rubutu take so ba, kada ka aiko da ƴar kalma ɗaya ka ce ka fita. Murya take so.

Kullum sai na hau kabu-kabu na je na leƙa biro, in ga sunaye suna ƙaruwa a reshen ruwa, in dawo gida in sake aika maka saƙo. Ka buɗe, ka yi shiru. Wallahi akwai ranar da na tsaya bakin biron nan da bik ɗin rubutu a hannuna, na juyo ban rubuta sunana ba. Ni na yi karatun, ni na sha ranar, amma rayuwata tana rataye a bakin mutumin da ya fi son ɗaukar hoto da amsa wa ƙanwarsa. Na ji haushinka, na ji haushin Inna, har al'adar ma na ji haushinta.

Sai jiya bayan azahar. Tana zaune inuwar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, ta ce, "Ɗauko wayar nan, kunna tsofaffin maganganun wancan, mu ji ko ya taɓa faɗin wani abu kan karatun."

Na kunna. Babu komai kan karatu a ciki, kai ma ka sani. A ɗaya kana cewa a aiko maka da yaji. A ɗaya kana ba da labarin direban da ya ɓata hanya, kana dariya har da tari. A ɗaya iska ce kawai da muryarka can ƙasa-ƙasa. Suka ƙare. Ta ce, "Ban ji da kyau ba, sake."

Na sake. Sai na ɗaga ido na ga hannunta ya tsaya cak cikin faifai, kaji sun zagaye ta suna cin shinkafar, ba ta kore su ba. Inna fa, wadda ke bin kaza har zaure kan ƙwaya ɗaya.

Nan na gane, kuma ganewar ba ta rage mini fushi ba, ƙara shi ta yi. Inna ba ta san bambancin ruwa da ma'adinai ba, ba ruwanta da shi. Bara na yi kwanaki a Ingal wajen bikin ƙawata, ba ta nemi izinin kowa ba. Ba kwanan daji ne damuwarta ba. Mace ce da ba za ta iya buɗe baki ta ce tana kewar ɗanta ba, ba za ta iya cewa a kira mata kai ba, ko sunanka ba za ta iya faɗa ba. Ta duba ko'ina ba ta samu hanyar da za ta nemi muryarka ba tare da jin kunya ba, sai darussana. Ka ga abin da shirunka ya jawo? Ka sa uwarka ta yi garkuwa da karatun ƴarta don ta ji kana numfashi.

Ban yafe maka wannan ba tukuna, kada ka zaci na yafe.

In kunya kake ji don ba ka samu komai ba, to ka ji: mun san motar cikin hoton ba taka ba ce. Tun tuni muka sani. Ba wanda ya aike ka nemo zinariya a gidan nan, kai ka aiki kanka. Ni yayana nake nema, wanda yake goya ni a keke ya kai ni lakwal, wanda ranar da aka kira sunana cikin waɗanda suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya cire rawaninsa yana juyi tsakiyar titi har mutane suka taru. Wannan mutumin bai taɓa jin kunyar dawowa gida hannu wofi ba, tun daga cikin rijiya.

Yanzu ka saurara da kyau. Ranar Alhamis da safe zan je in rubuta sunana a reshen ruwa, in Allah ya sa da sauran gurbi. Ko ka yi magana ko ba ka yi ba, zan je. Ba izininka nake nema ba, kuma na san Inna ba za ta tare mini ƙofa ba. Na jira iyakar abin da zan iya jira, wataƙila ma na wuce.

Amma ka sani, da zarar na sa hannu, maganar ta ƙare. Ba ni da sauran abin da zan tambaye ka, ita kuma ba ta da sauran dalilin da za ta ce a nemo wancan. Ni zan zama wadda ta ƙwace mata hanya ta ƙarshe, kuma kai ka sa ni.

Don haka ka aiko da murya kafin ranar. Ka ce ruwa, ka ce ma'adinai, ka ce a aiko maka da yaji, duk ɗaya ne. Ba sai ka gaishe ta ba, ai tashi za ta yi. Da ni za ka yi magana, amma ka ja ta da tsawo, ka yi a hankali, kada ka tsaya cikin iska. Zan ajiye wayar bakin ƙofar madafa in ƙara sauti.

Allah ya tsare ka a duk inda kake, ya kare ka daga ramin da ke ruftawa da hanyar da ke ɓacewa. Allah ya jiƙan Baba. Allah ya ba ni ikon lissafin nan. Allah ya sa Inna ta ji ka da kunnenta tun kunnen yana ji.

Ƙanwarka da ke fushi da kai,
Ramatu, daga Agadas.