Hajiya Ta Hau Bene

Semarang, cikin azumi

Yaya Jarwo,

Assalamu alaikum. Ya aikin jirgin ruwa, ya ibada?

Na koma aiki, Yaya! Ƙafar robar ta zauna daram, har yaran unguwa na roƙona in cire su gani. Sai dai manaja Hendro bai yafe mini hutun jinyar nan ba. Doka ta hana shi korata, shi ne ya kwashi keken ɗinkina ya kai bene na uku, ɗakin ƙyallaye, ni kaɗai kamar mayya. Na roƙe shi ya bar ni a ƙasa, wai babu wuri. Ƙarya yake! So yake in gaji in ajiye aikin da kaina.

Banɗaki yana ƙasa. Yanzu azumi ya rufa mini asiri tunda ba ci ba sha, bayan Sallah kuwa ban san yadda zan yi ba. Wallahi ina tsoro. In aikin nan ya tafi, wa zai ɗauki mai ƙafa ɗaya?

Ƙanwarka,
Lastri

*

Tashar jirage, Makassar

Zuwa ga ƙanwata Lastri,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na karanta, raina ya ɓaci ƙwarai. Kada ki sa hannu a kowace takarda. Ki kai ƙara ofishin ƙwadago. In sun yi sanyi, zan sauko in nuna wa Hendron nan yadda muke ɗaure kaya a jirgi.

Ki daina cire wa yara ƙafa, ba abin wasa ba ce.

Yayanki,
Jarwo

*

Semarang, bayan Sallah

Yaya,

Barka da Sallah, a yafe mini. Ajiye igiyarka ka sha labari!

Ranar komawa aiki aka yi walima da layin neman gafarar juna kamar kowace shekara bayan Sallah, Hajiya Rukmini mai kamfani a gaba. Ka san ba ta taɓa shinkafar walima sai ta riƙe hannun kowace mai ɗinki. Ni ina sama, ba wanda ya hawo ya kira ni. Hajiya ta gama layi ta ce, "Ina Lastri?" Hendro ya ce yanzu zai aika. Ta ce, "A'a, ni ke neman gafara, ni zan je."

Yaya, tsohuwar nan da ko sallah a kujera take yi! Na ji haki a matakala, na leƙa, sai ga ta ana tallafe da ita, mayafi ya karkace. Ta zube kan buhun ƙyallaye, ta kalli ƙafata, ta kalli matakalar, ta kama hannuna ta ce, "'Yata, kullum haka kike hawa?" Sai kawai na fashe da kuka. Ta ce a kira mata Hendro.

Ga motar ma'aikata tana hon, sai na sake rubutowa.

Lastri

*

Lastri,

Salamu alaikum. Ke! Haka ake yanke wa mutum labari? Me aka yi masa?

Jarwo

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Kekena yana ƙasa, kusa da taga, Hendro da kansa ya sauko da shi. Ya nemi gafara, na yafe, amma sai da ya dire keken.

Ofishinsa yanzu yana bene na uku. Hajiya ta ce a ƙasa babu wuri.

Ka huta lafiya,
Lastri