Tulun Zuhura

Litinin, 4 Maris 1985
Sojoji sun kawo aikin dashen itace a Gidan Amumune, ana biya da jar dawa. Namiji mai haƙa rami tiya guda, mace mai ɗebo ruwan ba itatuwan rabin tiya. An ɗauke ni, an ɗauki ƙanwata Zuhura. Taubashina Cha'ibu an ƙi shi, wai a Najeriya aka haife shi.

Alhamis, 7 Maris
Cha'ibu dariya ya yi. Ya ce, "Ku 'yan Nijar, gwamnati ta ce ku zauna sai ku zauna. Mu can yaro da jarinsa yake tashi." Zuhura ta ce, "To mai jari, tuwon wa ka ci jiya?" Shi yana son aikin da babu mai ba shi umarni. Ita duk wanda zai ɗora tukunya. Ni ban ma san abin da nake so ba. Barci, wataƙila.

Asabar, 16 Maris
Rana. Ƙasa kamar dutse.

Laraba, 20 Maris
Na lura ramina yana jirana in na huta. Rijiya kuwa kullum ƙara zurfi take, ga nisa. Zuhura kafin ta dawo har na sha inuwa. Duk a kan rabin tiya.

Lahadi, 24 Maris
Cha'ibu zai bi ta daji ya koma Najeriya, tunda iyaka a rufe take. Ya ce in zo. Na ce Inna fa? Ya ce, "Ai ga Zuhura."

Alhamis, 28 Maris
Zazzaɓi ya kwantar da ita. Mai kula da aikin ya ce in itatuwan layinta suka bushe zai ba wata gurbinta. Tiyata kaɗai ba ta kai mu. Na roƙi A'i maƙwabciya, ta ce nata tulun ma da ƙyar. Zuhura ta yunƙura za ta tashi, ta ce, "Yaya, miƙo min gammo." Na ce kwanta.

Talata, 2 Afrilu
Tun da na ɗauki tulun Zuhura, samari sun sa mini suna Talatu. A bakin rijiya mata suna ta guɗa, wata tsohuwa ta gyara mini gammo, ta ce ba haka ake naɗawa ba, ɗan nan. Wuyana kamar an sare. Itatuwan dai suna da rai. Zuhura ta ji sauƙi, gobe za ta fita. Na ce ta bar mini sawun farko, na safe. Don kawai na saba tashi ne.