Madrina Take Ce Mini

Moca, 4 ga Maris

Maigidana Fermín,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya sanyin New York, ya gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau, sai dai ni zama ya gagare ni. An sa mana ranar ganawa a ofishin biza, sha tara ga wata, ni da Yanilsa. Takardun kotu na riƙonta kuwa na jera na sake jerawa har sun yi laushi.

Abu ɗaya ke ci mini rai. Shekara biyar ke nan da rasuwar mahaifiyarta Dilcia, kotu ta ba mu ita, sunanka take ɗauke da shi, amma har gobe Madrina take ce mini, tun da ni ce uwar baftismarta. Lauya ya ce in koya mata "Mami", kada a ɗauka 'yar maƙwabta muka aro. Kullum muna gwaji muna ɓare rogo. Sai ta ce "Mami" kamar mai haɗiyar magani, ina juya baya in ji, "Madrina, shinkafarki na ƙonewa!" Taurin kan nan wurinka ta koya, kada ka musa.

Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Eufemia

Moca, 20 ga Maris

Maigidana Fermín,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kana lafiya. Jiya muka dawo daga ofishin biza a Santo Domingo.

Wata Baturiya ce a bayan gilashi, mai sakin fuska. Ta duba takardu, ta nuna ni, ta tambayi yarinyar, "Wace ce wannan?" Yanilsa ta kalli takalminta ta ce, "Madrina ce." Ni an ba ni biza ta wata shida. Tata an ajiye, wai sai mun ƙaro shaidar zamanta a hannuna, ba su kuma faɗi rana ba.

A mota na yi abin kunya. Na ce mata ai ta kashe mu, kalma ɗaya tak ta gagare ta. Sai da muka wuce garin Bonao sannan ta ce, "Madrina, in na faɗa a gaban hukuma ai rubutawa za su yi. To ita Mamina da ke kabari me za ta zama?"

Fermín, na rasa inda zan sa kaina. Ni da na yi wa Dilcia wankan gawa, ni ce na yi mako biyu ina ƙwace mata sunanta.

Na san me za ka ce: in zo tukuna, ƙanwarka Nereida ta riƙe ta. Shekara huɗu ban ga fuskarka ba, kuma Allah ya sani kewarka na damuna. Amma uwa ɗaya ta riga ta tafi ta bar yarinyar nan. Kada ka sayi tikiti.

Yanilsa na neman albarkarka.

Taka har kullum,
Eufemia